Rasuwar Bature, Takobin Gidan Khalilu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma da kai a ɗage, Malam Abdulƙarim Abdallah na unguwar Aziziyya, mai ba da magani a saidaliyyar da ke kan hanyar Ƙuba, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki na nan Madina da na gida Najeriya, har da waɗanda labarin ya yi wa daɗi, rasuwar takobin gidansu wanda kowa ya sani da suna Bature. Ya rasu ranar Alhamis da ta wuce bayan la'asar, a wata istiraha, wato gidan shaƙatawa, cikin gonakin dabino na Ƙuba, yana tsakiyar aiki. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ana faɗinta a kan kowace asara, wannan kuwa asara ce.

Iyalan marigayin na roƙon a fahimci magana ɗaya tun kafin masu yaɗa labari su ƙara mata gishiri. Bature bai mutu a rataye ba, tsatsa ba ta ci shi ba, kuma ba wanda ya kayar da shi. Duk wanda ya ji saɓanin haka a wayarsa, ya sani daga bakin ɓangaren masu takobin Japan ya fito.

Babu wanda ya san ranar haihuwar marigayin. Abin da aka sani shi ne Khalilu, kakan Malam Abdulƙarim, ya same shi a kasuwar Kurmi ta Kano a hannun wani Buzu mai fataucin gishiri, wanda ya rantse masa cewa a ƙasar Jamus aka ƙera ruwansa, ya ƙetaro teku zuwa Tarabulus, ya ratso hamada a bayan raƙumi. Ya nuna masa shaida: tambarin wata biyu masu fuskar mutum a kusa da mariƙi. Matar Khalilu, Iyatu, ita ta laƙaba masa suna. Ta ce tunda daga can ya fito, kuma ba ya dariya, Bature ne.

Da shi suka tashi zuwa Makka a ƙasa, zamanin da mai niyyar hajji yakan yi sallama da danginsa kamar ba zai dawo ba. A wannan tafiya Bature ya yi aikin da ba a rubuta wa takobi ba. Ya saro ƙaya an kewaye zango. Ya fasa hanya cikin ciyawar da ta fi mutum tsawo. Gaba da tafkin Chadi, wasu mutane suka tare ayarin da nufin kwashe jakuna, Khalilu ya zare shi, rana ta doki ruwansa, mutanen suka tuna suna da wani uzuri a wani wuri. Ba a taɓa jin ya sha jinin ɗan Adam ba, iyalansa kuwa ba sa jin kunyar faɗin haka. A wata bukka a ƙasar Sudan Iyatu ta haifi Abdallah, mahaifin Malam Abdulƙarim, aka kwantar da Bature a wajen kan jaririn kamar yadda ake yi. Ya shiga Madina a kafaɗar Khalilu, ya koma Kano a kafaɗarsa.

Zuwansa na biyu a jirgi ya yi shi, cikin akwati, da takardun izini. Da Malam Abdulƙarim ya samu aiki a nan, mahaifinsa ya miƙa masa shi ya ce, "Tafi da shi, ya san hanya." Tun daga lokacin yake rataye a bangon falo a Aziziyya, sama da talabijin, yana kallon masu shigowa. Da aka haifi Mariyamu, wadda ake kira Mimi, shi aka sauko da shi aka sa a wajen kanta, har wata maƙwabciya 'yar Masar da ta zo barka ta fita da baya tana salati.

Marigayin mutum ne mai kunya. Bai cika fitowa daga kube ba sai an matsa masa. In ya fito kuwa yakan ce "shiiin", a hankali, kamar mai gyaran murya a bakin ƙofa. In aka ɗan ƙyasta shi da farce sai ya ce "tinnn", ya ja ta har sai mai magana ya yi shiru. Kaifi biyu gare shi, bai san bambancin gaba da baya ba. Babbar baiwarsa ita ce haƙuri: a kafa tsininsa a ƙasa a danna, ya lanƙwasa kamar baka, a sake shi ya miƙe sak, ba ya riƙe kowa a zuciya. Bai taɓa neman akwatin katako mai laushin ciki ba, bai taɓa cewa sai an kunna masa mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ya sha sanyi ba. Ɗan mai a tsumma in an tuna, shi ke nan abincinsa.

Ajalinsa ya faro ne daga majalisar masu son takubba, wadda ke zama duk Alhamis a istirahar da aka ambata. Mutane ne kamilai, likitoci da injiniyoyi da malaman jami'a da 'yan kasuwa, Hausawan Najeriya da na Sudan da na Chadi da 'yan ƙasa kaɗan, waɗanda da zarar an zuba gahawa sai su rabu gida biyu. Ɓangare ɗaya na bayan takobin Turai, jagoransu Malam Abdulƙarim. Ɗaya ɓangaren na bayan takobin Japan da ake kira katana, jagoransu Muhandis, wato Injiniya, Nasrullahi na unguwar Uhudu.

Dole a faɗi wane ne Muhandis Nasrullahi a wurin mai wannan sanarwa. Jirgi ɗaya ya kawo su ƙasar nan. Ɗaki ɗaya suka kama kafin iyalansu su iso, tukunya ɗaya, bargo ɗaya in sanyin Madina ya sauko. Shi ya yi wa Mimi huɗuba. Ɗansa Zainulabideen ne kuma aka ba Mimi, ana shirin biki bayan Sallah. Mutumin kirki ne ta kowace fuska in ban da ɗaya. Tun da kamfaninsu ya tura shi kwas Japan ya dawo da katana a akwati, da wata irin magana a baki.

Shekara da shekaru ana abu ɗaya. Muhandis ya ce maƙeran Japan ninka ƙarfe suke yi, su buga, su sake ninkawa, har datti ya fita. Ya ce yumɓu suke shafa wa ruwan takobin kafin su tsoma shi a ruwa, shi ya sa bakin ke da tauri, kuma shi ke fitar da wannan zane mai kama da igiyar ruwa. Sai ya ɗaga katanar a haske, mutanensa su ce "Masha Allah" kamar an buɗe fuskar amarya. Malam Abdulƙarim ya ce ya ji, ya kuma yaba, amma a tambayi amaryar me take yi in ta lanƙwashe. Ba ta dawowa. Ya ce baki ɗaya gare ta, in ta sara sai ta juyo kafin ta sake sara. Ya ce takobin Turai an yi shi ne don ya sha wuya ya tashi. Bakri, wani Bahaushen Sudan mai shagon kayan sanyi, wanda shi ma ya gaji dogon takobi irin nasu, yakan buga cinya ya ce, "Faɗa musu, ya zol!" A haka magariba ke raba su, kowa ya tafi gida da gaskiyarsa, ba a taɓa kwana da fushi ba.

Sai makon da ya gabaci rasuwar. Muhandis na tsakiyar bayani, ya juyo ya ce, "Abu Mimi, mu daina wahalar da tsohon nan. Kayan gado ne, wurinsa bango. Takobin Turai ai sanda ce aka wasa mata gefe." Aka yi dariya. Malam Abdulƙarim bai yi ba. Ya ajiye kofinsa ya ce Alhamis mai zuwa kowa ya zo da nasa, a daina gwaji da baki.

Hajiya Raliya, uwargidansa, ta gan shi yana sauko da Bature daga bango ranar, ta ce, "Baban Mimi, ka bar bawan Allahn nan ya huta. Kai da Muhandis in kuna son faɗa ku yi da bakinku, shi me ya yi muku?" Ya ce mata an zagi baƙon da ya raka kakansa Makka, a gabansa, kuma ba zai zauna ba. Har yau bai sauya ra'ayi ba, kuma sanarwar nan ba wurin neman afuwa ba ce.

An naɗe tabarmi aka jiƙa su, aka kafa a kan turke, domin haka mutanen Japan ke gwada kaifi, ɓangaren Turai kuwa suka ce sun yarda a yi a filin abokan gaba. Muhandis ya fara. Gaskiya ba ta ɓuya: katana ta yanka tabarmar sumul, rabin sama ya ɗan tsaya kamar bai san an yanke shi ba kafin ya zame. Aka yi kabbara. Malam Abdulƙarim ya cire agogo, ya naɗe hannun riga, ya zare Bature. "Shiiin." Ya sara ta dama, tabarma ta faɗi. Bai juya hannu ba ya dawo ta hagu da ɗaya kaifin, ragowar ma ta faɗi. "Fiu, fiu", abin da marigayin ya ce ke nan, bai ƙara ba. Bakri ya jefa hularsa sama ta maƙale a reshen dabino.

Da an tsaya nan da an tashi kunnen doki. Amma wani daga ɓangaren Japan ya ce tabarma ba ta nuna komai. Bakri ya shiga gona ya jawo gindin reshen dabino busasshe, mai kauri kamar cinyar rago, ya ɗaure shi a jikin ginshiƙin rumfa. Aka dubi Muhandis. A nan iyalan marigayin ke so jama'a su buɗe kunne. Muhandis Nasrullahi ya ɗauko farin ƙyalle, ya goge katanarsa daga gindi zuwa tsini, ya mayar da ita kube, ya ce, "Ba a yi ta don saran itace ba." Ya zauna.

Malam Abdulƙarim ya dubi reshen, ya dubi takobin da ya saro ƙayar Sudan. Ya yi bisimilla ya kai sara. Bature ya ratsa reshen dabinon gaba ɗaya, bai tsaya ba, ya wuce cikin ginshiƙin. Ginshiƙin nan kowa ya ɗauka katako ne. Ashe bututun ƙarfe ne aka naɗe da igiyar kaba don ado. Marigayin ya ce "ƙas". Kalmarsa ta ƙarshe ke nan, gajeriya, ba raki. Rabinsa na gaba ya tashi sama yana juyi, ya sauko ya kafe da tsini a bakin kwatar ban ruwa, a tsaye. Rabin baya ya rage a hannun mai shi. Wanda ya je ya duba zai ga sararsa a jikin bututun, ɗan yatsa na shiga.

Injin ban ruwa na ta bugawa a gona. Malam Abdulƙarim ya ce bai ji zafin hannu ba sai washegari. Abin da ya ji a lokacin shi ne nauyin da ya ragu. Hannunsa ya saba da wani nauyi tun yana yaro, in mahaifinsa ya ba shi ya riƙe ranar Sallah, yanzu rabinsa babu. Mahaifin nan ya rasu, Khalilu da Iyatu sun daɗe a ƙasa, gidan Kano an raba an sayar. Abin da ya taɓa hannunsu duka ya kuma taɓa nasa, guda ɗaya ne, ga shi biyu.

Bai gama jin wannan ba Muhandis ya taso, ya zaro guntun daga ƙasa, ya haska karayar da fitilar waya, ya daɗe yana dubawa. Ya karɓi ɗaya rabin ya dubi tambarin. Da ya yi shiru da ya kyauta. Amma injiniya ne, in ya ga abu sai ya faɗa. Ya ce, "Abu Mimi, wallahi ba don in ɓata maka ba. Watannin nan biyu ba su yi daidai da juna ba, da hannu aka buga su. Ƙarfen nan kuma ni dai kamar sifirin babbar mota nake gani. Anya Baturen nan ya taɓa ganin Jamus? Ina jin a Kano aka ƙera shi."

Gawa ba ta huce ba aka ce mata ba 'yar ubanta ba ce. Malam Abdulƙarim ya karɓi guntayen biyu, ya naɗe su a cikin shimagi, ƙyallen kan Larabawa, da ke kafaɗarsa, ya shiga mota bai yi wa kowa sallama ba.

Game da wannan bincike, matsayin iyali shi ne kamar haka. Ba su karɓe shi ba, domin wanda ya yi shi waliyyin abokiyar gaba ne, kuma fitilar waya ba asibiti ba ce. In kuwa wata rana ya tabbata, to ɓangaren Japan su shirya kuka sabo. Ma'anarsa ita ce wani maƙeri a Kano, zaune a ƙasa da zugazugin fatar akuya, ya ɗauki ƙarfen mataccen lori ya fitar da abin da ya ratsa Afirka a ƙasa, ya kori 'yan fashi, ya yi kunnen doki da katana yana tsoho, ya kuma shiga inda ta ƙi shiga. Malam Abdulƙarim ya ce in haka ne, shekarun nan duka an yi ta musu a kan wa ya fi tsakanin mutum biyu, alhali na ukun yana rataye sama da talabijin yana jin su. Ko ta wace hanya aka bi, marigayin bai faɗi ba. Suna kuma ba za a sauya ba. Iyatu ta raɗa shi, ba wanda ya isa ya warware.

Kwanakin da suka biyo baya gidan bai yi daɗi ba. Muhandis ya yi ta kira ba a ɗauka. Zainulabideen ya zo gaisuwa aka ce masa Malam na barci, alhali yana jin tarinsa. Mimi, wadda ke jin Hausa sarai amma ba ta mayarwa sai da Larabci, ta tsaya a ƙofar falo idanu jawur ta ce, "Baba, khalas! Haram alaik," wato ya isa haka, ya ji tsoron Allah. Ta ƙara da Hausarta mai tsada, wadda ba ta fito da ita sai abu ya kai maƙura: "Ni ma ina son Bature. Amma ni ba ƙarfe ba ce." Uban ya kau da kai. Ya dubi ƙusar da ke bango.

Ranar Litinin bayan la'asar aka ƙwanƙwasa. Muhandis ne, shi kaɗai, rungume da dogon akwatin nan da kowa ya sani. Ya tsaya a bakin ƙofa bai cire takalmi ba. Ya ce, "Abu Mimi, bakina ne ya kai shi fili, bakina ne kuma ya bi shi bayan ya faɗi. Ga ta. Ka rataye ta a wurinsa, ko ka karya ta, yadda ka ga dama."

Malam Abdulƙarim ya san abin da katanar nan take a wurin mutumin. Ya san ko matarsa ba ta taɓa ta. Ya juya ya yi kamar yana gyara labule. Da ya juyo ya ce, "Kai ka shigo, gidanka ne. Ita kuwa ta tsaya nan wajen takalma. Ba a karɓar diyya daga wanda bai yi kisa ba. Bututu ne ya kashe shi, ba ita ba. Kada gobe a ce ta samu gidan Bature ta gada."

Muhandis ya yi dariya, hawaye na zuba. Ya jingine akwatin a wajen takalma ya shiga. Hajiya Raliya ta kawo shayi, suka sha, ba a ambaci ƙarfe ba har aka kira magariba. Saboda haka ana sanar da masu tambaya a ɓoye cewa bikin Mimi da Zainulabideen yana nan daram. Musu kuma yana nan daram.

Marigayin ya bar kubensa na jar fata, aikin dukawan Kano, wanda tun ranar yake kwance baki buɗe. Ya bar hamilarsa da ta koɗe a kafaɗar mutum uku, da dutsen washi wanda yanzu sai wuƙaƙen kicin, abin da bai taɓa zaton zai gani ba. Ya bar ƙusa a bango da wani dogon wuri mai haske a jikin fenti, daidai tsawonsa. Ya bar ɗan uwa a hannun Bakri, wanda matar Bakri ta kulle a sito ta ɓoye makulli. Ya bar Malam Abdulƙarim.

Ana godiya ga masu walda uku da suka aiko cewa za su iya haɗa shi ba a gane ba. Iyali sun ƙi. Wanda ya yi rayuwarsa yana lanƙwasa yana miƙewa ba za a mayar da shi sandar ado mai tabo a ciki ba. Haka kuma ana roƙon masu niyyar kawo takubban da ake sayar wa baƙi a rumfunan Uhudu, da sunan rage zafi, su bar kuɗinsu a aljihu.

Ga yadda za a yi jana'iza. Ba za a yi masa salla ba, ba za a kai shi maƙabarta ba. Iyali sun san ƙarfe ne, limamin unguwa ma ya aiko ya tuna musu. Ranar Alhamis mai zuwa bayan la'asar za a shafe guntayen biyu da mai, a mayar da su kubensu, a tashi da shi daga Aziziyya a motar Bakri zuwa istirahar Ƙuba. A can za a kafe shi a bangon majalisa, a gefen da ke fuskantar kujerun ɓangaren Japan, daidai tsayin idon mutumin da ke zaune. Za a ba da gahawa da dabino. Za a karɓi ta'aziyya daga kowane ɓangare, amma duk wanda ya fara da "ai da ma" za a karɓe kofinsa.

Muhandis Nasrullahi ne zai riƙe kuben ta gaba, Malam Abdulƙarim ta baya, shi kuma Muhandis zai buga ƙusa da hannunsa, tunda ya san ƙarfe. An ba katana izinin halarta. Za ta jira a mota, a bar mata mukayyif a kunne.